Kada mu ɗora kwanukan iyayenmu a kan sikeli

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan abin da wasu za su ce bai kai a ɓata masa tawada ba, a lokacin da jama'a ke fama da tsadar abinci da rashin tsaro. Na san halin da ake ciki, kasuwar da kowa ke ci ita nake ci. Amma abin ya daɗe yana ci mini rai, shekaru kuma sun ja, idan ban faɗa yanzu ba ban san ranar da zan faɗa ba. Maganar tsofaffin kwanuka ce: langa da fanteka da samira da kwalla da tasa da farantan jere, da tangaran da kofunan gilashi da iyayenmu mata suka tara da guminsu, waɗanda a yau ake kwashe su a buhu a miƙa wa 'yan jari-bola su auna a kan sikeli.

Ni tsohuwar malamar firamare ce a nan cikin birnin Kano. Na fara koyarwa a 1976, shekarar da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, na yi ritaya a 2011. Shekara goma sha ukun nan da suka wuce ina tara irin waɗannan kaya, har na ware musu ɗaki guda a gidana. A ƙidayar da na yi kafin azumin bana sun kai guda ɗari da arba'in da bakwai, ban da murafan da ba su da uwa.

An kai mahaifiyata, Inna, Allah Ya jiƙanta, ɗakin mijinta a 1954. Na tashi na tarar da jerenta ya cinye bango guda, daga kan kabad har kusa da azara. Manyan kwalla a ƙasa, fanteka a kansu, sai samiru saiti-saiti, kowace a kan murfin 'yar'uwarta da aka kifa, suna ƙanƙancewa har a kai ga kwanon sha a can ƙololuwa. Farantai kuma a jingine a jikin bango, furanninsu na kallon mai shigowa. A tsakiyar ɗaurin gugan ɗakin ma akwai wani faranti da magina suka liƙa tun ana ginin, idan aka kunna fitilar ƙwai da dare sai ya riƙa walƙiya a saman kanmu.

Sau biyu a shekara ake sauke jeren nan, ana saura kwana uku ko huɗu sallah. Inna ce kaɗai ke hawa kujera ta sauko da su, ba ta yarda wani ya taɓa na sama ba. Mu yara mu yi layi daga ƙofar ɗaki zuwa bakin rijiya, ana miƙo mana ɗaya bayan ɗaya, tana ta faɗin "riƙe da hannu biyu, ke!" A wanke da ruwan sabulu da tsumma, a ɗauraye, a kifa a kan tabarma su sha iska, tsakar gida ta koma ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. A ranar ne muke ganin abin da ke cikinsu. Wannan goro ne a lulluɓe da ganye da jiƙaƙƙen tsumma, waccan turaren wuta, wata 'yan kunne da warwaro a ƙulle a gefen ɗankwali, wata kuɗin adashi, wata kuma rasit ɗin keken ɗinkin Baba da ya ba ta ajiya. Kafin ta mayar da kowane kwano sai ta faɗi inda ya fito, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba. Wannan Goggo ce ta ba ni ranar jere. Wannan da ribar ƙuli-ƙuli na saye shi shekarar da aka haifi Yayanku. Wannan na uwata ne, da shi aka kai ta. Mukan ƙosa mu tafi wasa, amma maganar ta zauna mini daram, har yau ina iya jero fiye da ashirin da asalinsu.

Wanda bai san zaman gidajenmu na da ba zai ɗauka kwalliya ce kawai. Kwalliya tana ciki, amma jeren nan shi ne asusun mace. Matar da ke cikin kulle ba ta zuwa banki, kuɗin hannu kuma ba ya zama, yau wannan ya zo rance gobe wancan ya zo da kuka. Sai ta mayar da ribar furarta ko ta ɗinkin hularta kwano. Kwano ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, kuma kowa ya san nata ne, a shari'a da al'ada miji ba shi da iko a kansa. Idan 'yarta ta isa aure ta sauke rabi ta kai mata. Idan kuma rana ta ɓaci, a nan ake komawa.

Na ga hakan da idona a farin 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam, ina da shekara goma sha shida. Gonar Baba ba ta ba da ko dami biyar ba, ɗinki ya tsaya saboda wanda bai ci ba ba ya ɗinka riga, hatsi kuma ya yi tashin gwauron zabo. Wata rana bayan isha'i Inna ta aika aka kira dillaliyar unguwarmu. Ta sauko da tasoshin tagulla guda biyu, aikin Bida, masu zanen da aka buga da guduma, da wata babbar kwalla. Ta goge su da gefen zanenta, ta naɗe a tsohon bargo don kada maƙwabta su ji ƙararsu a zaure. Bayan kwana biyu buhun gero ya shigo gidan. Baba bai tambaya ba, ita ma ba ta ce komai ba, sai dai ta matsa sauran kwanukan ta rufe gurbin. Ni da na san lissafinsu na ga giɓin, kuma tuwon da muka ci har kaka ta zagayo na san daga inda ya fito.

Inna ta rasu a 2012. Bayan sadakar arba'in na tafi Kaduna jinyar 'yata da ta haihu da ƙyar, na yi wata biyu a can. Kafin in dawo an raba gado, kuma ba zan ce an zalunci kowa ba, gida da zinariya da sutura duk an bi ƙa'ida. Kwanukan ne aka rasa mai so. Matan ƙannena suna da kulolinsu da tukwanen silba, ana kuma bukatar ɗakin don wani ɗanmu zai yi aure. Sai aka yi shawara a sayar a raba kuɗin, aka tsayar da masu baro da ke wucewa suna kiran kayan ƙarfe. Da na dawo na tarar da bango fayau, an shafe shi da sabon fenti, aka miƙo mini rabona a ambulan. Wallahi bai kai kuɗin motar da ta kawo ni daga Kaduna ba. Ban yi faɗa da kowa ba, 'yan'uwana ne, kuma abin da suka ga kowa na yi shi suka yi. Amma na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauki gawarta.

Washegari wata maƙwabciyarmu, tsohuwa sa'ar Inna, ta aiko jikarta da langa guda a leda. Ashe an kai mata abincin sadaka a ciki ba ta mayar ba. Fara ce mai bakin shuɗi, da jan fure uku a jikin murfi. Na juya gindinta na ga ɗigo uku na koren fenti a jere. Shaidar Inna ke nan. Matan da kowace tana da tata shaidar, saboda kwano yana yawon biki da suna da gidan makoki, idan ba alama ba ya dawowa. Wata ta ɗaura zare a hannun murfi, wata ta karce da ƙusa, wata ta ɗiga jan farce. Ita Inna ragowar fentin da aka shafa wa ƙofar zaure ta samu, ta bi kayanta kaf da tsinken tsintsiya.

Da langar nan a jaka na shiga neman sauran. Wani almajirin gidanmu ya san inda masu baron ke kai kaya, ya raka ni wani fili a bayan gari. Malam Edita, ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Tsibin ƙarfe ya fi tsayin mutum biyu, gadaje masu rumfa, injin markaɗe, ƙofofin mota, kwanuka kuma ba iyaka. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba yana zaune da guduma, aikinsa ke nan ya ɗauki kwano ya kifa ya doke shi ya baje don ya shiga buhu da yawa. Duk dukan da ya yi sai fentin ya tarwatse kamar ɓawon ƙwai, ƙasa duk ta yi ƙyalli. Ina tsaye ya ɗauko wata fanteka mai ɗawisu a jiki, ko ƙwarzane babu. Na ce, "Ɗana, dakata don Allah." Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Hajiya, ƙarfe ne fa." Maigidansa ya taso, mutumin kirki, ya gaishe ni har ƙasa, ya ce kayan da aka kawo wata biyu da suka wuce ai tuni mota ta kwashe su zuwa inda ake narkawa a yi rodin gini. Ya bar ni na tona tsibin har la'asar. Na samu murfin samira guda mai ɗigo uku, ya lanƙwashe. Na saye shi tare da fantekar mai ɗawisu, ya rataya su a sikeli ya faɗi kuɗin kilo, na ba shi ninki biyu, yana ta mamaki.

Ba na zargin yaran nan. Neman halak suke yi cikin rana da ƙura, hannuwansu duk yanka. Mu da muka miƙa musu ne ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Tun daga ranar nake bi, ina da mutum uku a cikinsu da suke ajiye mini duk abin da suka ga mai kyau, su kira ni a waya. Sauran kuma daga hannun dillalai da tsofaffi nake samu, wani lokaci a Kurmi ko a Rimi idan an yi sa'a.

Da na fara juya gindin kwanuka sai na tarar ashe tarihi ne a rubuce. Yawancinsu an buga sunan ƙasar da ta ƙera su. Ina da guda goma sha ɗaya da aka yi a Cekoslobakiya, ƙasar da yanzu babu ita a taswira, tun ranar 1 ga Janairun 1993 ta rabu biyu. Su ne suka fi nauyi, fentinsu ya fi kauri, kuma tsofaffi sun san su, da sun ɗaga sai su ce wannan na asali ne. Sai na Hong Kong, tun tana hannun Ingila kafin a mayar wa Sin da ita a 1997, su ne masu manyan furanni da launi mai ɗaukar ido. Sai kuma namu na gida. Wajen samun 'yancin kai, da aka tsaurara haraji a kan kayan da ake shigowa da su, masu masana'antar kwano na Hong Kong suka taso da injinansu suka kafa a nan. Kamfanin Nigerian Enamelware da ke Ikeja an kafa shi a 1960, daga baya aka riƙa ƙera kwano a nan Kano ma. Shi ya sa kwanon da a zamanin auren Inna sai 'yar mai hali, a zamanin nawa auren a 1977 ya shiga ɗakin kowace amarya har ƙauye. A cikin jerena akwai farantin FESTAC, bikin al'adun Afirka da aka yi a Legas a shekarar, mai hoton fuskar nan ta hauren giwa ta Benin, wata ƙawata ce ta kawo mini gudummawa.

Abin da muke kira fentin kwano ma ba fenti ba ne. Garin gilashi ne ake shafa wa ƙarfe a sa a wuta mai zafin da ya kai digiri 800, ya narke ya manne. Shi ya sa launinsa ba ya kodewa ko ya shekara sittin, shi ya sa kuma idan ya faɗi yake ɓantarewa baƙin ƙarfe ya bayyana, tsatsa ta samu ƙofa. Furannin da ke jiki ta cikin wani faifan ƙarfe mai huda ake fesa su, launi bayan launi, idan ka kalla da kyau za ka ga gefen furen ya ɗan yi hazo, wani wurin ja ya hau kan kore. Ba ka samun biyu da suka zama iri ɗaya sak. Ni wannan ɗan kuskuren hannun ma'aikaci shi na fi so a jikinsu.

Ta ɓangaren gilashi da tangaran kayana ba su da yawa, don su ba sa jure hannun yara. Sun shigo da ƙarfi ne a tsakiyar shekarun 1970, lokacin kuɗin Udoji, da ma'aikata suka samu ƙarin albashi da bashin watanni a dunƙule, aka fara yayin kabad mai gilashi da dibaida. Ina da kwanon Pyrex fari mai murfin gilashi, a gindinsa akwai haruffan JAJ da ɗan kambi, alamar masana'antar Jobling da ke Sunderland a Ingila, wadda ta fara yin Pyrex a 1922. An daina ƙera shi a garin tun 2007. Matar wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ce ta sayar mini, ta ce a kantin Kingsway mijinta ya sayo mata, kuma sau uku kacal ta taɓa zuba abinci a ciki, duk don surukai. Ina da kofunan Duralex shida na Faransa da ƙanwar kakata ta wajen uba ta zo da su daga Maraɗi, irin masu kauri da ake shan shayi da su a can. Gilashinsu gasasshe ne, yana faɗuwa ya yi tsalle bai fashe ba, ranar da ya ga dama kuma ya wargaje ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa. Ga kuma tsarabar alhazai, tire mai hoton Ka'aba da 'yan kofunan zamzam masu ruwan zinariya, waɗanda kusan kowane gida akwai su a da.

Amma idan aka ce in ɗauki abu ɗaya in gudu da shi, bayan langar Inna, akushin kakata zan ɗauka. Kafin kwano ai ƙwarya da akushi ne jeren. Kaka tana da ƙorai a ragaya, daga masaki har ƙoƙo, da faya-fayen rufi masu launi, akushin Malam kuma daban yake, baƙi wuluk, ya sha man shanu da hannu har yana sheƙi. Nata ƙoran duk sun tafi, saura guda ɗaya da gyartai ya ɗinke tsagarta da zare, ɗinki ƙanana a jere kamar na bakin hula. Jikokina ba su san ma'anar gyartai ba sai da na nuna musu. Suna jin ana cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe, amma ba su taɓa riƙe akushi sun ji nauyinsa ba balle su gane dalili. Na ɗora wa babbar jikata shi a hannu ɗaya, ƙwaryar a ɗaya hannun, ta yi shiru, can ta ce, "Hajiya, ashe haka ne."

Wata tsohuwa a wata unguwa ta cikin badala ta aiko a kira ni bara, ta ji labarin malamar da ke sayen kwano. Na same ta a kan tabarma, ido ya yi rauni, ta sa aka jawo wata kwalla daga ƙarƙashin gado. Ta ce, "'Yar nan, ba don kuɗi na kira ki ba. 'Ya'yana maza ne, matansu ba sa so. Na san ina rufe ido za a kira masu baro." Ta shafa murfin tana ba ni labari. Da wannan kwallar aka kai garar aurenta, cike da nakiya. A cikinta ta yi wa 'ya'yanta tara wankan farko. A cikinta aka kwaɓa fulawar alkakin auren 'yar kishiyarta da ta riƙa. Na zauna na rubuta duk abin da ta faɗa a littafina, na karanta mata, ta gyara mini wuri biyu. Na matsa mata ta karɓi kuɗi, da ƙyar ta karɓa ta ce za ta yi sadaka. Ta rasu da damina. Kwallar tana ɗakina, takardar tana cikinta.

Wannan rubutun shi ne abin da na fi roƙon masu karatu su yi, ko da ba za su tara komai ba. Duk wanda tsohuwarsa ke raye, ya zauna da ita ta sauko da abin da ya rage, ta faɗi asalin kowanne, a rubuta a 'yar takarda a jefa ciki. Ko a ɗauki muryarta a waya, yanzu ai ba wuya. Idan ranar rabon gado ta zo, kafin a kira mai sikeli a tambayi 'ya'ya mata da jikoki ko akwai mai so, a yi masa kuɗi a cire daga rabonta. Ba sai an ajiye duka ba, gidajen yanzu ba su da fili, ni ma na sani. Biyu ko uku sun isa.

Ga masu ajiyewa kuma, abin da na koya da asara. Kada a sa musu soson ƙarfe, yana kashe ƙyallin har abada, na lalata wata samira da haka a farkon farawata. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma sun wadatar. Inda tsatsa ta kama a goga lemon tsami, a ɗauraye, a busar sosai, a ɗiga ɗan man gyaɗa. Idan za a ɗora wani a kan wani a sa ƙyalle a tsakani. Akushi da ƙwarya a nisanta su da ƙasa saboda gara, a riƙa shafa wa akushi mai da hunturu don kada ya tsage. Sannan kada a ci abinci a wanda ya ɓantare ta ciki, kada kuma a zuba abu mai tsami kamar kunun tsamiya ko zoɓo a tsofaffin masu launin ja ko ruwan ɗorawa ta ciki, domin a da akan haɗa irin waɗannan launuka da dalma da wasu sinadarai masu cutarwa, tsami kuma yana fito da su. A ajiye su don kallo da tarihi, a ci abinci a wani.

Kada a fahimce ni da cewa ina kiran a koma tsohon yayi ko a ƙara wa iyayen amare nauyi. Na aurar da 'ya'ya mata huɗu, na san yadda kayan ɗaki ke hana uba barci, wasu har gona suke sayarwa don kada a yi da su ranar jere. Wannan wata magana ce mai zaman kanta, kuma ina cikin masu cewa a sassauta. Abin da ma ya ba ni haushi shi ne ana cin bashi a sayo kayan da ba sa shekara biyar, roba ta ƙone, kula ta daina riƙe zafi, a daidai lokacin da ake zubar da wanda ya shekara sittin yana nan garau.

Wata jikata ta nuna mini a intanet yadda mutanen Turai da Amurka ke sayen irin kwanukan nan ɗaya-ɗaya da tsada, suna rubuta shekararsu da ƙasar da aka yi su. Ban damu da kuɗin ba sosai, amma na tuna da Ladi Kwali. Matar nan maginiyar tukwane ce daga ƙasar Gwari, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, a 1954, shekarar da aka kai Inna ɗaki. Ta rasu a 1984. Yau hotonta ne a bayan takardar naira 20, tukwanenta kuma suna manyan gidajen tarihi na duniya. Aikin hannun mace da kayan girkinta sun kai a adana su, mun ma yarda da haka tunda mun buga a kuɗinmu. Gidan tarihi na Jos, da aka buɗe a 1952, yana da tarin tukwanen ƙasa daga sassan ƙasar nan da mutum zai wuni yana kallo.

Don haka ina roƙon masu kula da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a nan Kano, da takwarorinsu na Katsina da Sakkwato da Zariya da Damagaram, a ware ɗakuna a jera su zamani-zamani: na ƙwarya da akushi, na tasa, na kwano, na tangaran, kowane kaya da sunan matar da ta mallake shi da sana'ar da ta yi ta saya. A gayyato tsofaffin mata su yi jeren da hannunsu, don jere ilimi ne, ba kowa ya iya ɗora samira goma sha biyu ta tsaya ba tare da ta karkace ba, kuma masu iyawar suna ƙarewa. Ɗaliban jami'a masu neman abin bincike su shiga gidaje da littafi tun masu bayanin suna da rai. Ni dai na faɗa wa 'ya'yana, na kuma rubuta na sa hannu a gaban shaidu biyu, cewa idan aka samu wurin da zai riƙe su da amana, kayana duka na bayar, har da littattafai uku da na cika da labarinsu.

Saura roƙo ɗaya, Malam Edita, na kaina. Na san yawancin kayan Inna sun zama rodi suna cikin ginin wani. Amma masu baro sukan ware masu kyau su sayar wa dillalai, kuma shekara huɗu da suka wuce na ci karo da kwanon shanta a hannun wata mai sayar da fura a bakin asibiti, na gane shi tun daga nesa, na juya na ga shaidar. Ke nan akwai sauran a hannun mutane. Wadda na fi nema wata fanteka ce shuɗiya mai fararen taurari, hannun murfinta ya ɗan karkace hagu, a cikinta Inna ke ajiye kayan sallarmu. Don Allah duk wadda ke da tsohon kwano a gida, musamman a cikin birni da Fagge da Gwammaja, ta juya gindinsa ta duba. Idan ta ga ɗigo uku na koren fenti a jere, na tsakiyar ya ɗan fi girma, ta aiko da saƙo ta ofishin wannan jarida. Zan zo da kaina, in biya abin da ta ce, ko in kawo mata sabo a madadinsa.

Na gode da wannan fili. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taku,
Tsohuwar malamar firamare,
daga cikin birnin Kano.